Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Daren Alhamis da Haikal

Makon jiya na tsaya a inda aka ba ni ɗaki a Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗaliban Azhar a Alƙahira. Shari'a na je karantawa, amma Allah Ya haɗa ni ɗaki da wani Bahaushen Sudan wanda ba ya da zance sai siyasa. Shi ya ja ni kallon Muhammad Hasanain Haikal, shahararren ɗan jaridar Masar.

A wancan lokacin tashar Aljazeera na sa shirinsa duk daren Alhamis, tun daga 2004. Dattijo ne da ya haura shekara 80, zaune gaban tebur da takardu, yana warware labarin yaƙin Suwais na 1956 kamar jiya aka yi. Da farko rabin maganar wuce ni take yi, don yana sirka Larabcin littafi da na Misirawa. A hankali kunne ya buɗe.

Abokin nawa ya haddace tarihinsa tsaf. An haife shi a 1923, ya fara aikin jarida a 1942, har ya ɗauko rahoton yaƙin Alamain, a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1957 zuwa 1974 shi ke riƙe da jaridar Al-Ahram, kuma sharhinsa na ranar Juma'a, Bisaraha, jakadu ma bin sa suke layi-layi, saboda an san bakinsa da na shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ɗaya ne. Jawabin murabus da Nasir ya karanta bayan kayen da Masar ta sha a hannun Isra'ila a Yunin 1967 ma shi ya rubuta. Da suka ɓata da Sadat, magajin Nasir, kan karkata zuwa Amurka, aka raba shi da jaridar, sannan a Satumban 1981 aka ɗaure shi tare da mutum fiye da 1,500. Bayan an kashe Sadat, magajinsa Mubarak ya sake shi.

Da 'yan kuɗin tallafina na sayi Kharif al-Ghadab, littafin Haikal kan Sadat, a kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya. A nan musu ya tashi. Na ce masa, "Ɗan'uwa, wannan fa wanda aka ɗaure ne ke rubuta tarihin wanda ya ɗaure shi." Ya ce, "To Malam, wa ya fi shi takardu?" Gaskiyarsa ne, amma nan gizo ke saƙa. Sau da yawa shaidarsa takarda ce da ke hannunsa shi kaɗai, ko hira da shugaban da ya riga ya kwanta dama. Kura ce ke ba da labarin yadda akuya ta ɓata, sai dai kura mai daɗin baki, wadda kuma da gaske tana wurin. Har gobe ina karanta shi don sanin abin da aka faɗa a fadar Nasir, amma hukuncinsa kan Sadat ba na ɗauka sai na ji ta bakin wani.

Na riga na dawo gida lokacin da aka ƙona gidan gonarsa na Birƙash a Agustan 2013, tarin takardu suka tafi. Ya rasu a Fabrairun 2016. Ni da abokina kuwa, musun ya ci mana daren da ya kamata mu yi bitar Usulul Fiƙhu, ga jarrabawar baka ta matso. Yadda muka kwashe da shehin, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.