Ƙofar Toka

Asabar, da dare.

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba magena Toka ta tashe ni, tana kartar gilashin ƙofar baranda da farcenta. Mako na uku ke nan muna wannan hali. Tun da ta gane akwai duniya a bayan gilashin nan ba ta yarda ta kwana a ciki har gari ya waye. Dabarar da na ɓullo da ita ita ce in bar ƙofar a ɗan buɗe kamar faɗin tafin hannu, sai dai duk daren da na yi haka barcina rabi da rabi ne, kunnena na kan ƙofa. Ƙofar da mage za ta iya shigewa don an bar ta a sake, mutum da yatsa ɗaya zai tura ta gefe. Shi ya sa na matsa wa Auta ya zo yau, tunda aikin alminiyam da gilashi ne sana'arsa.

Ya iso wajen ƙarfe goma da tef ɗinsa da fensir a bayan kunne. Ni a tunanina aikin rabin yini ne: a zana da'ira a ƙasan gilashin, a yanke, a ɗaura marfi, shi ke nan. Bai ce mini komai ba, ya durƙusa ya nuna mini wani ɗan tambari da aka buga a kusurwar gilashin, wanda shekara biyu ina gogewa ban taɓa lura da shi ba. Ya ce, "Yaya, wannan gasasshen gilashi ne. Ba a yanka shi." Ya yi mini bayani cewa ana zafafa shi ne sama da digiri 600, sannan a huce fuskokinsa da iska cikin gaggawa, sai fatar waje ta ɗaure tam, cikin kuma yana ja. Wannan ɗaurin ne ya sa ya fi gilashi na yau da kullum ƙarfi ninki huɗu ko biyar. Amma da zarar an keta fatar, gaba ɗayansa zai ruguje ya zama tsakuwa. Duk ramin da ake so a jikinsa, kafin gashi ake hudawa. Wato in ina son rami a gilashin, sai dai a yi odar sabon falle da raminsa, a cire wannan a ajiye. Gidan kuwa na haya ne, ba na son abin da ba zan iya mayarwa yadda na same shi ba.

Sai muka koma kan hanya ta biyu: a ƙera siririn allo dogo, tsayinsa ɗaya da ƙofar, a tsayar da shi cikin kwarin da ƙofar ke gudu, a jingine da dogarin bango. Ƙasansa marfin mage, samansa gilashi. Ƙofar in an turo ta, maimakon ta rufe a jikin bango sai ta rufe a jikin allon.

Awo ya ɗan ci lokaci. Auta ya auna tsayi daga cikin kwarin ƙasa zuwa cikin kwarin sama a wuri uku, ya sami santimita 203 a biyu, na ukun ya gaza da kusan rabin santimita. Ya ce gini kan zauna, ba a taɓa yarda da awo ɗaya. Ita kuma Toka ba ta tsaya an auna ta ba, don haka na ɗauko kwali na yanke rami mai faɗin santimita 15 da tsayin 17, na tare bakin ƙofa da shi, na kira ta daga ɗaya gefen. Ta shinshina, ta gwada da gashin bakinta, ta wuce salin alin ba tare da bayanta ya taɓa sama ba. Na so in ƙara mata faɗi don ta sake, amma na fasa. Duk santimita ɗaya da na ƙara mata, na ƙara wa wanda ba na so ya shigo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yau ba ramin ba ne ma. Ina ta kallon ramin a matsayin hatsari, ashe hatsarin yana can sama, wajen makulli. Ƙofar turawa da ƙugiya take kullewa: ka murɗa hannu, ƙugiya ta fito daga gefen ƙofar ta maƙale a wani ƙarfe da ke jikin dogarin bango. To in ka sa allo a tsakani, ƙugiyar ta yi nisa da mazauninta da faɗin allon gaba ɗaya. Makullin da gidan ya dogara da shi ya tashi aiki ke nan, ba tare da an karya komai ba. Auta ya ce ya sha ganin gidajen da aka sa irin allon nan na kanti, wanda sifirin kawai ke tokare shi a kwarin sama, masu gidan suna murɗa hannun ƙofa kowane dare suna jin "ƙas", alhali ƙugiyar iska take kamawa. Jikina ya yi sanyi da na ji haka, don na san da ni kaɗai ce da haka zan yi.

Nan muka zauna a ƙasa da takarda muka fara zane na gaske. Da farko allon kansa: ba za mu bar shi ga sifirin ba, za a ɗaure shi da sukurori a jikin dogarin, kawunansu duka ta ciki, yadda wanda ke waje ba zai ga abin kwancewa ba. Ramukan sukurori ƙanana ne, ana iya toshe su ran da zan tashi, kuma zan nemi izinin mai gidan kafin a huda ko ɗaya. Sannan a ciro ƙarfen da ƙugiya ke kamawa a mayar da shi jikin allon, da ƙarin ƙarfe a bayansa, domin alminiyam siriri ne, in aka finciki ƙofar da ƙarfi sukuru zai iya yage shi.

Sai ya nuna mini wani abu da ban taɓa sani ba game da ƙofata. Ya kama ta da hannu biyu ya ɗaga, sai ga tayoyinta sun bar kwarin ƙasa. Haka ake saka irin waɗannan ƙofofi, a cusa kai sama sannan a sauke ƙafa, haka kuma ake cire su. Maganin mai sauƙi ne: sukurori biyu ko uku a cikin kwarin sama, a bar kawunansu sun ɗan leƙo, yadda ƙofar za ta zame a ƙarƙashinsu amma ba ta da sararin ɗaguwa. Wannan tun yau ya yi shi a madadin wasu tsofaffin sukurori da ke wurin, bai ɗau minti goma ba.

Mun yi gardama a kan abu ɗaya. Shi yana son a ƙara kwado mai ɗan makulli a ƙasan ƙofar. Na ce a'a. Ƙofar nan ita ce mafita ta biyu a gidan, in wuta ta tashi cikin dare ba na son ina laluben ɗan makulli cikin hayaƙi. Na fi son sanda mai kauri da za a kwantar a kwarin ƙasa bayan ƙofar, wadda ko a duhu hannu ɗaya zai ɗauke ta. Ya ce sanda ana iya zaro ta da waya ta ramin magen. Na ce to mu gwada. Ya fita waje ya kwanta a ƙasa, ya zuro hannu ta ramin kwalin har kafaɗa, da lanƙwasasshiyar waya a hannunsa. Sandar tana can ɗaya ƙarshen, bayan faɗin ƙofar duka, bai kai gare ta ba. Amma wayar ta taɓo hannun makullin. Mu biyu muka yi shiru. Daga nan muka amince a ƙara sakata a can saman ƙofar, wadda ke shiga cikin firam, nesa da duk inda hannu ko waya za su kai daga ƙasa. Ya yarda da sandata, na yarda da sakatarsa.

Akwai kuma giɓin tsakiya. In ƙofar ta rufe yadda aka ƙera ta, bayanta na sarƙewa da gefen gilashin da ba ya motsi. Yanzu da za ta tsaya kafin ta kai, sarƙewar ta tafi, an bar tsaga daga sama har ƙasa, hanyar iska da ƙura da sauro. Zai liƙa doguwar roba mai leɓe a wurin. Faɗin wucewarmu ma zai ragu da kusan santimita 25, na gwada da kwandon wanki a hannu, ina wucewa.

Marfin shi ne abin da na kwana biyu ina nazari. Marfi na yau da kullum mai maganaɗisu a ƙasa yana hana iska kaɗa shi, amma ba ya tambayar wanda ya zo, kuma akwai wani baƙin muzuru da ke zagaya barandar nan. Mai buɗewa da maganaɗisun wuya kuma, Toka ta riga ta yar da abin wuya biyu. Na tsaya a kan mai karanta ɗan guntun lantarkin da likitan dabbobi ya sa mata a ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu. Guntun tsayinsa kamar milimita 12 ne, ba shi da batir, na'urar marfin ce ke tashinsa in ya matso kusa, ya ba da lambarsa mai alƙaluma 15. Na duba katinta, irin na ƙa'idar ISO 11784 ne mai aiki a kan kilohaz 134.2, wanda yawancin marafan nan ke karantawa. Batir ɗin marfin ne zan riƙa lura da shi. Na kuma ce lallai a yi wani murfi na ƙarfe mai zamewa ta ciki, na ranar tafiya da ranar da 'yar Auta mai rarrafe ta zo. Ramin ya yi mata ƙanƙanta, amma hannunta zai shiga, marfi kuma yana datsewa.

Ya tafi da zanen bayan la'asar, ya ce allon sai ranar Laraba, saman zai sa gasasshen gilashi shi ma tunda yana kusa da ƙafafun mutane. Kafin ya fita ya yanke mini sandar daidai tsawon kwarin kamar yadda yake yanzu, in allon ya zo a rage ta.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya saura. Ƙofar a rufe take ruf, ƙugiya a mazauninta, sanda a kwance. Kwalin na jingine shi a tsakiyar falo don ta saba, kuma tun ɗazu ta ratsa ramin sau uku ba wanda ya kira ta. Na ajiye mata kwanon yashinta kusa da ƙofar saboda asuba.