Wai ina iyakar kimiyyar siyasa ne?

Duk wanda ya ji ka karanta kimiyyar siyasa tambayarsa ɗaya ce, to wace kujera za ka tsaya, ko kuma ya ce faɗa mana wa zai ci zaɓe. Wallahi ba abin da ake koyarwa ke nan ba. Abin da muka sha a aji shi ne nazarin iko, wa ke riƙe da shi, ta yaya ya samu, me ya sa mutane suke bi ko suke bijirewa. Akwai ɓangaren ra'ayoyin masana tun su Plato da Ibn Khaldun, har da nasihar da Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa kan yadda ake riƙon ƙasa, akwai kwatanta tsarin mulkin ƙasashe, da hulɗar ƙasa da ƙasa, da gudanar da gwamnati.

Shi wannan na ƙarshen ma rigima ake a kansa, a ABU sashen koyon gudanarwa yana Kongo ne tare da 'yan lauya, kimiyyar siyasa kuma tana Samaru, wasu jami'o'in kuwa kwas ne kawai a cikin sashen siyasa.

Inda na fi gane maganar iyaka shi ne lokacin furojet. Na ɗauki gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sai ga shi dole na koma tarihin En'e, wato tsohuwar hukumar gargajiya, yadda 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari suke hannun sarakuna kafin sojoji su karɓe, daga nan na faɗa tsarin mulki, daga nan kuma rabon kuɗin tarayya tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi 774, kafin ka ce me babi na biyu ya zama kasuwar Kurmi, ba abin da babu. Malamin da ke duba ni ya ja jan biro a shafi kusan goma, ya ce malam wannan aikin 'yan tarihi ne, su suke ba da labarin abin da ya faru, kai gaya min hannun wa iko ya bari, hannun wa ya koma, kuma hakimi da ciyaman wa talaka yake kai wa kuka yanzu.

Na ji haushi ranar, don shafukan da na fi wahala a kansu ne. Amma da wannan tambayar na sake babin, kayan tarihin da na lauyoyin duk suna nan, sai dai wanda bai taɓa maganar iko ba na cire shi.