Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Abin da Ake Gani Daga Bencin Baya

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a inda aka ɗauke ni daga kujerar hedimasta aka mayar da ni sashen duba makarantu na ƙaramar hukuma. Yau zan ajiye labarin kaina a gefe in yi bayanin aikin kansa, domin wanda bai san yadda ake auna koyarwa ba zai sha wahalar bin abin da ke tafe a wannan tarihi. Ina kuma fatan sababbin hedimastoci su ƙaru, musamman waɗanda aka miƙa wa makulli da rajista ba tare da an zaunar da su an nuna musu komai ba.

Tun da aka soma shirin ilimin firamare kyauta a 1976 azuzuwa suka cika fiye da yawan malaman da aka horar, kuma a wannan shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, shi ya tsara jerin da muke kai yanzu: hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) a Abuja, takwararta ta jiha (SUBEB) a jiha, sakataren ilimi a ƙaramar hukuma, sannan hedimasta. Sunan aikinmu ma ya sauya, da ana cewa sufeto, yanzu jami'in tabbatar da inganci. Amma abin da ake zuwa nema bai sauya ba: shin yaron da ya zauna a ajin nan yau ya fita da abin da bai shigo da shi ba?

Mai duba makaranta na ƙwarai yana isa ne kafin a buga ƙararrawar layi. Abu na farko da zai buɗe shi ne littafin sa hannun malamai. Hedimasta mai kula yakan ja layi da jan biro idan lokaci ya cika, duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin ya makara. Idan babu layin kwana da kwanaki, ko kuwa ka ga sunaye uku a jere da rubutu iri ɗaya da tawada iri ɗaya, to ka san wani ne ke sa wa wasu hannu. Kada ka ce komai tukuna, ka rubuta, ka wuce.

Kafin shiga aji akwai takardu huɗu da dole su yi magana da baki ɗaya. Akwai manhajar da hukumar bincike da raya ilimi ta ƙasa (NERDC) ke fitarwa. Akwai tsarin aikin zango, wanda malamai ke kira sikim, inda aka raba manhajar mako-mako. Zango kimanin mako 13 ne, amma in ka cire makon bita da na jarrabawa da makon farko da yara ke jan ƙafa, abin da ya rage na koyarwa bai cika wuce goma ba, kuma sikim ɗin da bai yi la'akari da wannan ba tun a takarda ya karye. Akwai dayari, inda malami ke rubuta abin da ya koyar a ƙarshen kowane mako. Sai kuma shirin darasi na ranar, da sa hannun hedimasta da kwanan wata. Kowanne daga cikinsu ana iya cika shi a dare ɗaya idan an ji labarin baƙo na tafe. Shi ya sa akwai shaida ta biyar da ba ta ƙarya, wato littattafan rubutun yara. Idan dayari ya ce an koyar da rabawa a mako na shida, amma babu lissafin rabawa ko ɗaya a littafin kowane yaro, to a dayari kawai aka koyar da shi.

A shirin darasi, wurin da na fi tsayawa shi ne manufa. Malamai da yawa sukan rubuta: "A ƙarshen darasi ɗalibai za su fahimci ragewa." Fahimta ba a ganinta da ido, don haka ba a iya auna ta. Manufar da ke da amfani ita ce mai cewa yara za su iya rage lamba mai gida biyu daga wata mai gida biyu tare da aro, su ci aƙalla huɗu cikin biyar. Da wannan a hannu, malami ya san inda ya dosa, kai ma ka san abin da za ka duba.

To, sai aji. Ka shiga kafin darasi ya fara, ka gaisa da malamin a mutunce a gaban ɗalibansa, ka nemi wuri a bencin baya, ka zauna har minti 35 ɗin su cika. Wanda ya leƙa na minti goma ya fita bai ga darasi ba. Bencin baya na da dalili: daga nan ne za ka san ko rubutun allo yana karantuwa, ko allon ya koɗe har alli ba ya fita a kansa, ko muryar malami tana isowa, kuma nan ne yaran da suka sare suke taruwa. Ka zana taswirar ajin a takardarka, duk yaron da aka yi wa tambaya ka ɗiga masa alama a gurbinsa. A gefe kuma ka riƙa rubuta lokaci. Idan an tashi, takardar za ta nuna maka abin da malamin bai sani ba game da kansa: tambayoyi 14, goma sha ɗaya sun tafi ga yara huɗu na gaba, ɓangaren 'yan mata bai samu ko biyu ba, minti 22 sun tafi a kwafar rubutu daga allo.

Babban abin da ke ruɗar sabon mai dubawa shi ne amshi. Malami ya faɗa, aji ya maimaita da ƙarfi har rufin kwano na amsawa. Ya ce, "Kun gane?" Su ce, "Mun gane!" Sai baƙo ya ji daɗi ya ba da maki mai yawa. Amma ka dubi bakunan yaran. Biyar ko shida ne ke ja, saura suna bi bayan daƙiƙa guda, wasu kuwa leɓe kawai suke motsawa. Amshi na da wurinsa wajen haddace jadawalin ninkawa ko sautin baƙaƙe, amma ba ma'auni ba ne. Malamin da ya iya aiki yakan jefa tambaya, ya yi shiru ya ƙirga biyar a zuci, sannan ya kira suna. In ya kira sunan kafin tambayar, sauran yaran sun huta da tunani.

Bari in kawo misalin da ake gani kusan a kowane aji uku. An ba yara 52 a cire 27. Ka zagaya ka duba: da yawa za su rubuta 35. Ba ganganci ba ne, hanya suka bi. Yaron ya ga 2 a sama da 7 a ƙasa, ya san ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya ya cire 2 daga 7 ya samu 5, ya cire 2 daga 5 ya samu 3. Malami mai rauni zai zabga masa kuros ya wuce, gobe yaron ya sake. Malami na gari yana ganin 35 ya san cutar. Zai ɗauko karare ɗauri biyar, kowane ɗauri goma, da guda biyu a sake, ya ce wa yaron ya ba shi bakwai. Yaron zai duba ya ga biyu kacal gare shi, sai da kansa ya kwance ɗauri ɗaya. Aron ke nan ya gani da hannunsa, kuma 25 za ta fito. Duk lokacin da na ga malami ya karanta kuskuren yaro haka, na san makarantar tana da dukiya, ko da kuwa shirin darasinsa bai yi kyan rubutu ba.

Kafin ka fita, ka zaɓi littattafai shida da kanka, biyu a gaba, biyu a tsakiya, biyu a baya. Kada ka bari malami ko monita ya zaɓo maka. Ka duba kwanan watan aikin ƙarshe da aka duba da jan biro, da ko an yi gyara bayan kuros, da ko an ba amsar da ba daidai ba maki saboda sauri. In darasin karatu ne, ka kira yaro ɗaya-ɗaya, ka nuna masa kalma daga ƙasan shafi zuwa sama, domin wanda ya haddace shafin zai rera shi daga farko tsaf, amma da ka ɗora yatsa a tsakiya sai ya tsaya cak.

Akwai adalcin da dole a yi wa malami. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma akwai azuzuwan da suka haura ɗari, yara a ƙasa, littafi ɗaya ga benci guda. Don haka a rahoto ka raba laifi gida uku: na malami, na hedimasta, da na hukuma. Rashin shiri na malami ne. Jadawalin da ya kai lissafi bayan tara, lokacin da rana ta take yara sun gaji, na hedimasta ne. Rufin da ya yaye na hukuma ne. Wanda ya tattara duka ya ɗora wa malami ya yi zalunci, kuma babu abin da zai gyaru.

Takardar shaida ma ba ta isa ba. NCE, wato shaidar malanta da ake samu a kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, akwai kuma rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa (TRCN) da aka kafa a 1993. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. Irin wannan jarrabawa tana nuna ko mutum ya san abin da zai koyar, kuma wannan wajibi ne. Amma ko ya iya isar da shi ga yaro ɗan shekara takwas, wannan sai an zauna a ajinsa.

Ganawa bayan darasi ita ce rabin aikin, kuma nan aka fi ɓata shi. A yi ta a ranar, a keɓe, ba a gaban yara ko sauran malamai ba. Ka fara da cewa, "Malam, yaya ka ga darasin naka?" Sau da yawa zai ce, "Ranka ya daɗe, lokaci ne ya ƙure mini," ya kama bakin zaren da kansa. Ka faɗa masa abu biyu da ya yi daidai, ka ambace su da sunansu. Sannan ka ajiye masa taswirar nan ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Gyara ɗaya tak za ka ba shi, wanda zai iya farawa gobe. Mai jero kurakurai goma sha biyu ya sauke nauyi ne kawai a takarda. Ku tsayar da ranar da za ka dawo, a rubuta a littafin tarihin makaranta, kuma ka dawo ɗin.

Rajistar kiran suna kuwa ana cika ta sau biyu, safe da bayan tara, wato sau goma a mako. Aji mai yara 60 yana da gurbi 600 a mako. In an samu halarta 480, kashi 80 cikin ɗari ke nan. Hedimastan da ke fitar da wannan lissafi duk Juma'a zai ga ranar kasuwa da makonnin shuka da na girbi sun fito fili, ya ga yarinyar da ta soma ɓacewa kwana biyu a mako tun kafin ta daina zuwa gaba ɗaya. Da wannan alƙaluma zai je gaban kwamitin gudanar da makaranta da mai unguwa da liman. Hedimastan kansa kuma ya kamata ya zauna a bencin bayan aji biyu aƙalla kowane mako, domin mai zuwa daga ofis ba ya wuce sau ɗaya ko biyu a zango.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ɗora da yadda ake rubuta rahoton ziyara, da hanyar da yake bi daga teburin sakataren ilimi zuwa hukumar jiha.