Asabar a Damagaram: Wa Zai Fara Zaɓen 'Yan Wasa?

Yau fadarmu ta unguwar Birni ta zauna tun bayan sallar la'asar a kan magana ɗaya tak, wato wanda zai fara zaɓen 'yan wasa a kakar da za mu buɗe, da kuma yadda sauran za su biyo bayansa. Mu 10 ne a gasar. Kowa yana haɗa ƙungiyarsa daga 'yan wasan Firimiyar Ingila a cikin wasan kwamfuta na Football Manager, ya tsara musu dabara, sannan kwamfuta ta buga wasannin da kanta. Da yake ɗan wasa ɗaya ba ya shiga ƙungiyoyi biyu, wanda ya fara zaɓe shi ke ɗauke wanda kowa ya sa wa ido.

Shugaban fada ya kawo shawarar cewa wanda ya ƙare a ƙasan teburi bara shi zai fara, zakara kuma ya zo ƙarshe, kamar yadda NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, take yi tun 1936. Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin mutumin da ake lallasawa kowane mako, idan ba a ba shi abin da zai sa rai da shi ba, wata rana sai a nemi takalmansa a rasa. Na yarda da niyyar, amma ban yarda da tsarin ba. A filin gaske, kocin da ya faɗi da gangan yana da 'yan kallo da za su yi masa ihu. A wurinmu kuwa, wanda ya ga kofi ya kuɓuce masa yana iya jera 'yan benci don ya ƙare a ƙasa ya samu zaɓin farko, ya ajiye mai tsaron gidansa na farko, ya ce dabara ce yake gwadawa, kuma babu mai iya kama shi. Ɓarnar ba ta tsayawa a kansa, domin wanda ya yi sa'ar karawa da shi a makonnin ƙarshe zai kwashi maki a ɓagas, ya wuce wanda ya yi gumi. Na tuna musu cewa irin wannan zargi ne ya sa gasar ƙwallon kwando ta NBA ta shigo da ƙuri'a a 1985, shekarar da New York Knicks ta samu zaɓin farko ta ɗauki Patrick Ewing, kuma a 2019 suka sake gyara ta yadda ƙungiyoyi uku na ƙasa suka samu dama iri ɗaya ta cin zaɓin farko, kashi 14 cikin 100 kowacce.

Wani ya ce a jefa ƙuri'a kawai kamar yadda ake tsara kwasar adashe. Aka amsa masa cewa a adashe na farko da na ƙarshe kuɗi ɗaya suke kwasa, alhali a nan abin da na farko ya ɗauka ba ya dawowa.

Daga nan malamin lissafin da ke cikinmu ya ajiye kofin shayinsa, ya jawo bayan wani kwali ya fara rubutu da biro. Ya nuna tsarin je-ka-dawo, irin wanda ake bi a zaɓen Fantasy Premier League, wasan haɗa ƙungiya a intanet: zagayen farko daga na 1 zuwa na 10, na biyu kuma daga na 10 ya koma na 1. Wanda ya fara zai samu zaɓi na 1 da na 20, na ƙarshe ya samu na 10 da na 11, kuma jimillar kowannensu 21 ce. Lissafin ya yi kyau a kan kwali. Sai dai na ce masa: "Malam, lambobin sun yi daidai, amma 'yan wasan ba su yi daidai ba." Mutum irin Haaland, wanda ya ci ƙwallo 36 a kakar 2022/23, ko Salah, wanda ya ci 29 ya kuma taimaka aka ci 18 a 2024/25, ba a samun goma irinsu a kaka ɗaya. Tazarar da ke tsakanin zaɓi na 1 da na 10 ta fi wadda ke tsakanin na 11 da na 20 nesa ba kusa ba. Malam ya yi shiru yana duban kwalin, sannan ya kawo gyara da kansa, cewa zagaye na uku ma ya fara daga na 10. Da haka mai farawa zai samu 1 da 20 da 30, na ƙarshe kuma 10 da 11 da 21. Kowa ya amince da wannan ba tare da ja-in-ja ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda na faɗa bayan mun dawo daga sallar magariba. Kowannenmu ya san matsayin da ya ƙare bara, saboda haka duk ƙa'idar da aka kawo, mutum yana fara auna ta da aljihunsa kafin ya buɗe baki. Zakaran bara yana cewa ana hukunta shi don ya yi ƙoƙari, na ƙarshe yana cewa a tausaya wa mai rauni, kuma dukansu gaskiya suke faɗi, amma gaskiyar da ta dace da su ce. Na roƙi a yanke ƙa'idar yau, amma kada ta fara aiki sai da teburin kakar da ba a buga ba tukuna, lokacin da babu wanda ya san ko a sama zai ƙare ko a ƙasa. Na ƙarshen bara, wanda shi ne ƙarami a cikinmu, ya ce: "Yaya, ni ke nan aka sake dannewa." Maganarsa ta taɓa ni, domin shi ne ya fi kowa asara a wannan shawara. Na ce masa: "Ƙanena, idan aka yi doka don kai yau, gobe za a yi wata don wani." Ya yi jim, sannan ya ce ya yarda, muddin za a rubuta.

An rubuta a littafin fada. Daga baɗi, huɗu na ƙasan teburi za su ja ƙuri'a mai dama iri ɗaya a kan gurabe huɗu na farko, sauran shida kuma su bi teburi daga ƙasa zuwa sama. Ba a taɓa ƙa'idar a tsakiyar kaka sai mutum 8 cikin 10 sun amince. Bana kuwa ƙuri'a ce zalla ga kowa.

Aka yanka takardu 10 girmansu ɗaya, aka naɗe su iri ɗaya, aka zuba a hular shugaba, sannan aka kira wani yaro mai tallar gyaɗa da bai san komai a kan gasar ba, ya riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa wanda aka ambata. Ƙaninmu ya samu na 3, zakaran bara na 9, ni kuma na 7, wato zaɓina na farko su ne na 7 da na 14 da na 24. Ranar Juma'a da dare za a yi zaɓen. Saura magana ɗaya da ba mu warware ba, ita ce abin da za a yi da gurbin wanda bai zo ba ranar, ko a tsallake shi ko a bar wani ya zaɓa masa, kuma shugaba ya ce da ita za mu fara kafin a kunna kwamfuta.