Rawanin da ba na sarauta ba: asalin mabiya addinin Sikh

A Gusau ko Argungu, in ka ga mutum da rawani, ka san basarake ne ko babban malami. Shi ya sa da yawa cikinmu, in suka ga Ba'indiye mai dogon gemu da naɗaɗɗen rawani a fim, sai su ce ai Musulmi ne. Ba Musulmi ba ne, ba kuma Hindu ba. Addininsa Sikh ne.

Wanda ya kafa shi, Guru Nanak (Guru na nufin malami jagoran addini), an haife shi a 1469 a garin Talwandi na yankin Punjab, wanda yanzu ake kira Nankana Sahib a Pakistan, ya rasu a Kartarpur a 1539. Wato zamaninsa ɗaya da Kanta na Kabi. Ya yi kira ga bauta wa Ubangiji ɗaya, da cin guminka, da rabawa da mabukata. Abin da ya fi tsone masa ido shi ne tsarin da ke ware mutane tun daga haihuwa, ɗan wanzami ba ya cin abinci kwano ɗaya da ɗan malamin addini. Maganin da ya kawo na girki ne: langar, abincin kyauta da kowa ke zama a ƙasa layi ɗaya ya ci. Har gobe ba a sa nama a ciki, don kada wani ya ƙi ci.

Shugabanni tara suka biyo bayansa. Na biyar, Guru Arjan, ya tattara littafinsu a 1604 a Amritsar, ya haɗa har da baitocin Shehu Farid, wani sufi Musulmi. An kashe Guru Arjan a Lahore a 1606, zamanin Jahangir, sarkin daular Mughal ta Musulmi da ke mulkin Indiya. Na tara, Tegh Bahadur, aka sare masa kai a Delhi a 1675.

Ɗansa Gobind Singh, na goma, ya gaji matsala biyu. Daga waje ga takurar sarakunan Mughal, daga ciki kuma ga wakilai da ake kira masand, masu karɓar kyautar mabiya, sun koma cinye ta. Sai ya soke su gaba ɗaya. A 1699, a Anandpur, ya zare takobi gaban taro ya nemi wanda zai ba da kansa. Mutum biyar suka fito ɗaya bayan ɗaya, cikinsu akwai manomi, da mai ɗebo ruwa, da wanzami. Su ne farkon ƙungiyar Khalsa.

Yadda aka shigar da su, haka ake yi har yau. Ana zuba ruwa a ƙwaryar ƙarfe, a jefa dunƙulen sukari, a riƙa juyawa da takobi mai kaifi biyu ana karanta addu'o'i biyar. Mai shiga ya sha sau biyar, a yayyafa masa a ido da gashi. Kowa daga ƙwarya ɗaya yake sha, kuma a ganina nan ne ƙashin bayan al'amarin. Namiji ya ɗauki suna Singh, wato zaki, mace Kaur. Daga ranar zai riƙe abu biyar: gashin da ba a askewa, matajin katako, warwaron ƙarfe, gajeren wando, da 'yar wuƙa. Rawanin na rufe gashin ne. A Indiyar wancan lokaci ma manya aka sani da shi, sai Gobind Singh ya ɗora shi a kan wanzami da manomi.

An haramta wa 'yan Khalsa aski, da taba, da zina, da naman da aka yanka irin yankanmu. Wannan na ƙarshe ne ke kawo rashin fahimta. Ka yi baƙo ɗan Khalsa, ka yanka masa rago don karramawa, ya ƙi ci, kada ka ɗauka raini ne. Shinkafa da wake ko waina da miyar da ba nama sun wadatar.

Kafin rasuwarsa a 1708, Gobind Singh ya ce ba sauran Guru ɗan Adam, littafin ne shugaba. Shi ne Guru Granth Sahib, mai shafi 1430. Daga baya wani shugaban Sikh, Ranjit Singh, ya ci Lahore a 1799, shekara biyar kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, ya kafa daular da Turawan Ingila suka haɗiye a 1849. Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta tsaga Punjab gida biyu, mafi yawan Sikh na ɓangaren yamma suka yi hijira gabas zuwa Indiya, suka bar mahaifar Nanak da Kartarpur a tsallaken iyaka.