Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mai Tsayuwa a Bakin Raga

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda Baffa ya raka ni filin jirgi, to yau ba zan bi layi ba ku yi haƙuri, don tun ranar Talata wani abu ke cina a rai, in ban amayar da shi ba ba zan iya komawa kan zancen kwantenar nan ba. Autana ne ya jawo. Ya hau kujera ya zaro tsohon raket ɗina daga saman wadrob wai yana kashe sauro da shi, na daka masa tsawar da har uwarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana cewa haba Malam, a kan wannan abin da zarensa duk ya tsintsinke? Ban tanka mata ba.

A 2006 na sauka Jakarta a ƙasar Indonesiya. Tsarin da Baffa ya yi mana shi ne ni in zauna can kusa da kasuwar Tanah Abang in riƙa sayen kaya ina lodawa, yadi da kayan yara da gyale, Yaya kuma ya zauna a Kwari ya karɓa ya sayar, riba a kasa uku, kashi ɗaya na gida. Duk da baki aka yi, don a cewar Baffa 'yan uwa ba sa rubutu. Daren da zan tafi na shiga yi wa Hajiya Babba sallama tana kan darduma tana jan carbi, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baffa ya ce haba Hajiya wane irin fata ne wannan, yaro zai yi tafiya. Ni kuwa dariya na yi, lokacin ina da shekara 24, gani nake na fi tsohuwa sanin duniya.

Ɗakin da na kama a cikin wani lungu yake, mai gidan wani dattijo ne siriri da kowa ke ce wa Pak, shi kuma yana ce min Mas. A tsakiyar unguwar akwai fili na siminti an ja masa layi da farin fenti, ƙwan lantarki biyu a kan gora, da an sallame isha'i sai ka ga magidanta sun fito da zanin nan nasu na maza, wani ko takalmi babu, a ɗaura raga a fara. Badmintin ke nan, su bulu tangkis suke cewa. Ƙwallon kuma kok, gashin tsuntsu ne guda 16 aka soke a jikin wani ɗan dunƙule mara nauyi. Wallahi da farko raina abin na yi, na ce a raina wannan ai wasan 'yan mata ne, mu da muka taso da tamola a rana. Ranar da Pak ya miƙa min raket ya ce in tsaya a bayansa, minti goma ban yi ba numfashina ya ƙare, tsoho mai furfura yana tsaye a gaba ko gumi bai yi ba, ni ina ta zarya kamar an aiki yaro kasuwa.

Sai ranar 16 ga Agusta 2008, jajibirin bikin 'yancin kansu. Wasan ƙarshe na 'yan bibbiyu maza a Olamfik ɗin Beijin, Markis Kido da Hendra Setiawan za su kara da Cai Yun da Fu Haifeng, 'yan Chaina a gidansu. A wata 'yar rumfar mai shayi muka kalla, talabijin ɗin bai fi tire girma ba, mutum ya fi talatin, hayaƙin sigarinsu mai ƙamshin kanumfari ya cika wurin har idona na yaji. Zagayen farko aka yi musu kaca-kaca, 12 da 21, wurin ya yi tsit, mai shayin ma ya daina zuba ruwa. Daga nan yaran nan suka juyo, 21 da 11, sannan 21 da 16. Abin da na gani a lungun nan daren ban taɓa ganin irinsa ba, tsofaffi na kuka, ana buga murfin tukunya, wani da ban sani ba ya rungume ni yana ta magana. Zinariyar nan ita kaɗai ƙasar ta samu a gasar gaba ɗaya.

Amma abin da ya zauna min ba murnar ba ce. Ana tsakiyar zagaye na biyu ina ta ihu duk sanda Kido ya yi tsalle, don gajere ne amma in ya tashi sama ya maka sai ka ji kamar an harba bindiga, sai Pak ya taɓa min gwiwa ya ce, Mas, kowa Kido yake kallo, kai kalli dogon. Na kalli dogon. Hendra yana bakin raga, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ba ya ihu ba ya tsalle, ɗan taɓa ƙwallon kawai yake da wuyan hannu ta lallaɓa ta goga saman raga ta faɗa, abokin gaba ba shi da yadda zai yi sai ya ɗaga ta sama, in ya ɗaga kuwa ai ya miƙa wa Kido wuya. Ashe tun kafin a ji ƙarar dukan nan an riga an ci makin. Na koma ɗaki na kwanta ina kallon silin, maganar Hajiya Babba ta dawo min tiryan-tiryan.

Don ku ji. A Fabrairun 2007 da ruwa ya ci Jakarta, ni na ɗauki dila goma sha ɗaya a ka ɗaya bayan ɗaya, ruwa har ƙirji, na hau da su bene. Ni na kwanta zazzaɓi sati biyu ba wanda ya sani sai matar Pak da ke kawo min kunun shinkafa. Ni na koyi yarensu har na iya ciniki da shi, ni ke zaɓar kala, ni na san wanda zai shiga a sallah da wanda zai kwana a shago. Amma in na kira gida me zan ji? Yayanka ya iya kasuwa, Yayanka ya sayi fili, Yayanka ya biya wa Inna Makka. Da kuɗin wa? Har yau ba wanda ya tambaya. Bambancina da Hendra shi ne a ƙasarsu an san aikin mai tsayuwa a bakin raga, yaro ƙarami a lungu zai gaya maka waye ya haɗa makin, lambar kuma biyu ake bugawa a rataya wa kowa tasa. A gidanmu guda ɗaya aka buga.

Daga ranar na zama ɗan gani-kashe-nin mutumin nan, har abokaina 'yan Najeriya da muke loda kaya tare suna min tsiya wai na zama ɗan ƙasa. A Pemalang aka haife shi, a tsakiyar tsibirin Java, 25 ga Agusta 1984, jinin 'yan Chaina ne shi ya sa suke ce masa Koh Hendra. Shi da Kido kulob ɗinsu ɗaya, Jaya Raya a Jakarta, tun suna samari aka haɗa su, kuma kafin Beijin ma sun riga sun ci kofin duniya a Kuala Lumpur a 2007. A 2009 suka fice daga sansanin 'yan wasan ƙasa da ke Cipayung suka ci gashin kansu, suka sake cin zinariya a wasannin Asiya na 2010, daga nan abu ya fara ja da baya, Olamfik ɗin Landan ta 2012 ko gurbi ba su samu ba, a ƙarshen shekarar kowa ya kama gabansa. Ba zage-zage, ba a kira dattawa ba, ba wanda ya je yana cewa ai dama ni ke ɗauke da shi.

Mu namu rabuwar a 2014 ce kuma ba haka ta kasance ba. Na zo gida da littafina na shekara takwas, kowace dila da ranarta, Yaya ya kalli littafin ya ce shi bai san wannan ba, kaya dai sun yi kwantai, bashi ya yi yawa a waje. Baffa ya ce kai yaro rufe littafin nan, zumunci ya fi kuɗi. Na ce to Baffa, Allah ya huci zuciyarka. Na rufe. Hajiya Babba ta riga ta rasu lokacin, da tana nan na san ko kallona ba za ta yi ba, carbinta kawai za ta ja. Abin da ya biyo baya a wannan zaman sai wani makon, har yanzu in na tuna hannuna rawa yake.

Shi kuwa Hendra da mutane suka ce ya ƙare, ya koma Cipayung aka haɗa shi da Mohammad Ahsan ɗan Palembang, wanda ya girma da shekara uku. Ko shekara ba su cika tare ba suka ci kofin duniya a Guangzhou a 2013. Na 2015 kuwa da idona na gani, a ɗakin wasa na Istora Senayan da ke Jakarta, na sayi tikiti da kuɗin da ya kamata in biya haya, kuma 16 ga Agusta ce ta sake zagayowa, 'yan Chaina ne kuma a gabansu, suka sake ɗaukar kofin. Ɗakin nan in 'yan kallo suka haɗa baki suna kiran sunan ƙasarsu har a haƙoranka kake jin sa. Ni kaɗai ne baƙin mutum a layinmu, na yi ihu har muryata ta dishe, kuma ba don Indonesiya nake yi ba, ni na san da wa nake. Lokacin ni ma na samu wani bawan Allah ɗan Zinder muna haɗa kwantena, komai a rubuce, kowa da sa hannunsa.

Na manta ban faɗa ba, Pak ya rasu kafin wannan wasan, raket ɗin da Auta ke kashe sauro da shi nasa ne, matarsa ta ba ni.

Na dawo gida gaba ɗaya a 2017. Hendra da Ahsan ma sun rabu bayan Olamfik ɗin Riyo da ba ta yi musu kyau ba, Hendra ya yi shekara yana bugawa da Tan Boon Heong ɗan Malesiya, sai ga shi a 2018 sun sake haɗewa da Ahsan, duk sun zama iyaye har ana musu laƙabi da babanni. A Maris 2019 ya ci gasar All England da ciwo a sha-raɓarsa yana ɗingishi, a Agusta kuma suka doke 'yan Japan a Basel suka ɗau kofin duniya, na huɗu gare shi, ranar da ya cika 35 cif. A waya na kalla a shago, mai saye na tsaye yana tambayar kuɗin gyale na ce masa Alhaji don Allah ɗan jira. Sai Janairun 2025 suka ajiye raket, a Istora ɗin nan dai, yana da 40.

Wanda ya girgiza ni Kido ne. Ranar 14 ga Yuni 2021 yana cikin buga wasa da abokai a Tangerang ya yanke jiki ya faɗi, zuciya, shekararsa 36. Da na ga labarin na daɗe zaune a kan benci, don shekara da shekaru ina ɗan jin haushinsa a ɓoye, mutumin da bai san ina duniya ba, kawai don na sa masa rigar Yaya. Kuma gaskiya in ba mai dukan nan a baya, taɓin Hendra wa zai amfana? Na san haka, ba sai an gaya min ba. Amma Kido ai gumi ya yi, tsalle ya yi har gwiwa ta gaji, bai zauna a kan kujera a Kwari yana shan fanka ba.

Duk da haka daren nan na ɗau waya na kira Yaya, shekara bakwai rabon da mu yi magana in ba gaisuwar sallah ba. Ta yi ƙara sau huɗu ya ɗauka. Na ce Yaya barka da dare, ya iyali. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce lafiya lau, dama kuwa ina nemanka, an ce min kana da hanyar kaya daga can har yanzu, ko za mu ɗan haɗa wata kwantenar?

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.