Sai Masu Gida, amma ba a gida ba

Yarona ya matsa min sai na kai shi filin wasa na Ƙofar Mata kallon ƙwallon Kano Pillars, ni kuma ina ta masa hanya-hanya. Dalilina shi ne Afrilun 2022, ranar da aka tashi wasa da Katsina United ba shiri, 'yan kallo suka farfasa gilasan motar baƙi. Maƙwabtanmu fa! Hukumar gasa ta kwashe mana maki 3, ta ci tarar naira miliyan 9, ta tura mu Abuja buga wasannin gida. A waccan kakar muka faɗa rukuni na biyu.

Masu jifa da ledar ruwa kuwa ko gezau, mai sayar da gurasa a bakin ƙofa ne ya rasa ciniki. Na ce wa yaron ya bari sai ya ƙara tsawo.